Tsakanin "Da Sauƙi" da "Na Warke"

Duk Bahaushen da ya taɓa kwanciya jinya ya san amsar da ake jira daga bakinsa idan mai dubiya ya ce masa, "Ya jiki?" Ko da numfashi ma da ƙyar yake ja, abin da zai ce shi ne, "Da sauƙi." Ladabi ne da muka gada, kuma akwai godiyar Allah a cikinsa, domin babu halin da bawa zai shiga face akwai wanda ya fi shi tsanani. Ba ni da ja a kan wannan. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani darasi da na koya bayan an yi mini tiyatar cire ƙari a cikin kai, na koma bakin aikina na koyarwa a jami'a. Amsar da ta dace da bakin majinyaci a kan shimfiɗarsa tana iya zame masa tarko ranar da ya koma ofis. Mai dubiya yana jin "da sauƙi" sai ya yi addu'a ya tafi. Shugaban wurin aiki kuwa yana jin "da sauƙi" sai ya fahimci "na warke," ya miƙo jadawalin aiki. Tsakanin waɗannan amsoshi biyu akwai tafiya mai nisa. Na shafe kusan shekara biyu a cikinta, kuma kafin in shige ta babu wanda ya taɓa ba ni labarinta.

Ni mutumin Bugaje ne, a Ƙaramar Hukumar Jibiya ta Jihar Katsina, kuma tarihi nake koyarwa. Lalurar ta faro ne da ciwon kai a daminar 2021, wanda yakan fi tsananta da asuba, wani lokaci har da tashin zuciya. Na ɗora laifin a kan makin takardun jarrabawa da yawan kallon kwamfuta. Na canza tabarau, na sha maganin ciwon kai na kantin magani har na gaji. Maiɗakina ce ta fara lura cewa nakan tsaya a tsakiyar magana ina lalubar kalma, kamar mai neman makulli a aljihu. Da ta faɗa mini sai na yi dariya, na ce gajiya ce. Mutumin da ya yi digiri uku yakan ɗauka ya fi ƙarfin a gaya masa abin da ke damunsa.

A watan Nuwamba na shekarar na je Bugaje gaida mahaifiyata. Bayan sallar magariba, ina zaune a zaure da 'yan uwa, sai kawai na farka na ga kaina a kwance, rigata jiƙe da ruwa, harshena yana jini, ana ta salati a kaina. An ce na faɗi ina karkarwa. A lokacin an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina tun watan Satumba saboda matsalar 'yan bindiga, kuma Jibiya na cikinsu. Babu halin kiran likita, babu halin kiran iyalina, hanya kuma ba ta biyuwa da dare. Haka aka kwana ana tsarona. Kafin gari ya waye kowa ya kawo fassararsa. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce jifa ne daga abokan aiki, wata dattijuwa ta ce karatu ne ya yi yawa. Kawuna, manomi wanda bai taɓa shiga aji ba, shi ne ya raba gardama. Ya ce, "A yi masa addu'a yanzu, da safe kuma a kai shi asibiti. Ɗaya ba ta hana ɗaya." Ina ganin wannan maganar ce sanadin da Allah Ya sa har yau ina raye.

A Katsina aka fara ɗaukar hoton kaina, daga nan aka tura ni wani asibitin koyarwa, inda aka yi hoton MRI. Likitan ya nuna mini wani farin dunƙule a ɓangaren hagu, wanda bai wuce girman lemun tsami ba. Ya ce sunansa meninjiyoma, kuma ba daga cikin ƙwaƙwalwar ya tsiro ba, daga tantanin da ya lulluɓe ta ne, sai dai yana danne ta a kusa da wurin da ke kula da magana. Daga baya na karanta cewa wani likitan Amurka, Harvey Cushing, shi ya raɗa masa wannan suna a 1922, kuma yana cikin ƙarin da aka fi samu a kawunan manya, ya fi yawa ga mata, mafi yawansa kuma ba sankara ba ne. Ina so mai karatu ya riƙe wannan bambanci, domin jama'a da yawa suna jin "ƙari a kai" sai su fara shirin makoki. Akwai ƙarin da sankara ne, akwai wanda ba ita ba ne. Amma ƙoƙon kai akwati ne da ba ya buɗewa, don haka ko ƙari marar mugun hali idan ya girma zai matse abin da ke ciki. Ciwon kai sabo da ke ƙaruwa kullum, musamman da asuba ko tare da amai, da farfaɗiyar da ta fara wa mutum bayan ya girma, da raunin hannu ko ƙafa ta gefe ɗaya, da dusashewar gani, da sauyin magana ko hali, duk alamu ne da ya kamata a kai wa likita ba tare da jinkiri ba. Ba kowane mai irinsu ne ke da ƙari ba, amma hoto ne kawai ke raba zato da gaskiya.

Haka kuma ba dole ne sai an haye teku ba. Tun 1962 Farfesa Latunde Odeku ya kafa sashen tiyatar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Ibadan, kuma a yau ana yin wannan aiki a Arewa, a cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Likitocin ba su da yawa, layi yana da tsawo, kuɗin kuma ba kaɗan ba ne. Ni sai da na sayar da fili, na ci bashin ƙungiyar adashen ma'aikata, abokan aiki kuma suka yi mini karo-karo. Amma a nan gida, da hannun 'yan ƙasa, aka buɗe kaina a watan Janairun 2022, aka cire ƙarin, gwaji kuma ya nuna ba sankara ba ne.

Kwana biyu bayan tiyata wani ƙaramin likita ya ɗaga biro ya ce, "Dakta, mene ne wannan?" Na san abin. Na san da shi ake rubutu, na san yadda ake riƙe shi, na san irinsa nawa na ƙarar a rayuwata. Sunan ne kawai ya ƙi zuwa. Na ce, "Abin rubutu ne." Ya yi murmushi ya ce kumburi ne, zai ragu. Ya yi gaskiya, ya ragu. Sai dai a ranar na fahimci irin rashin da ke gabana. Manomi da hannunsa yake ci, direba da idonsa, malami kuwa da kalmomi. Wurin da nake neman abinci da shi, nan wuƙa ta bi.

Likitoci sun sallame ni, takardar hutun jinyata kuma ta watanni kaɗan ce. Ina cikin tunanin yadda zan tsaya gaban aji, sai Ƙungiyar Malaman Jami'o'i, ASUU, ta shiga yajin aiki a ranar 14 ga Fabrairun 2022, yajin da bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba. Wata takwas ɗalibai suna zaune a gida, malamai da yawa babu albashi, kuma ba zan taɓa kiran wannan alheri ba. Amma gaskiya ɗaya ce: hutun da jikina yake bukata, wanda babu wata ƙa'idar aiki da ta tanadar mini, yajin aiki ne ya ba ni shi. Abin kunya ne a ce sai jami'o'in ƙasa sun tsaya cik kafin malami ɗaya ya sami isasshen lokacin murmurewa.

Mahaifiyata ta nace in dawo kusa da ita, don haka a Bugaje na yi mafi yawan waɗannan watanni, ina leƙa Katsina ganin iyali da likita. Da yake ni ne ɗan fari, Inna ba ta kiran sunana. "Malam," take cewa, "ka sha maganin?" Sau biyu a rana, ba ta taɓa mantawa ba. Maganin hana farfaɗiya ne, wanda ba a tsallake lokacinsa, kuma yana sa kasala da saurin fushi. Azumin shekarar ya zo a watan Afrilu, cikin tsananin zafi, likita kuma ya ce kada in ɗauka. Karo na farko tun ina yaro da na ci abinci da rana a watan Ramadan, a ɗaki, ina jin nauyin yaran gida, duk da na san addini ya yi wa majinyaci rangwame. A nan na fara gane cewa karɓar rangwame ya fi ba da shi wuya.

Gajiyar da ke biyo bayan tiyatar kai ba irin wadda muka sani ba ce. Ba gajiyar noma ba ce da barci ke maganinta. Hira ta rabin sa'a da mutum uku takan sa in ji kamar an zare mini laka. Hayaniyar yara, da rediyo, da mutum biyu suna magana a lokaci guda, duk sukan cushe mini. Na sa wa kaina darasi: kowace safiya bayan sallah in karanta shafi ɗaya da ƙarfi daga littafin marigayi Dakta Yusufu Bala Usman a kan tarihin Katsina, wanda ya fito a 1981, littafin da na yi shekaru ina koyar da shi. Da farko shafi ɗaya kan ci mini minti ashirin. Hausa ta riga Turanci dawowa, sunayen mutane da na garuruwa kuma su ne suka fi jinkiri.

Da damina ta faɗi nakan bi Kawu gona in zauna a gindin bishiya. Ɗaya daga cikin shanun huɗarsa ya yi ciwo da bazara, na kuma lura yana kwance masa karkiya tun hantsi, alhali aiki bai ƙare ba. Na ce, "Kawu, ai na ga ya warke." Ya ce, "Ya tashi dai, bai warke ba. Sa idan ya tashi daga ciwo ba a ɗaura masa karkiya yini guda. Yau kunya biyar, gobe goma. In ka matsa masa ranar farko, ka yi asarar sa, ka yi asarar damina." Na ji maganar, na yaba da ita, amma ban ɗauka da ni take ba.

Da aka janye yajin aiki na koma. Gashi ya tsiro, hula kuma ta rufe tabon da ya taso daga gaban kunnena ya kewaya sama. Hular Bahaushe rufin asiri ce babba. Duk wanda na haɗu da shi a farfajiyar tsangaya sai ya ce, "Dakta, ya jiki?" in ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Jami'a tana gaggawar cike giɓin wata takwas, an matse zangon karatu, malamai kuma sun yi ƙaranci. Aka miƙo mini kwasa-kwasaina gaba ɗaya kamar yadda na bar su, da ɗaliban da nake duba kundin bincikensu, da kwamitoci biyu. Babu wanda ya zalunce ni. An tambaye ni ko zan iya, na ce zan iya. Tsoro ne ya sa na faɗi haka: tsoron kada a ce Dakta ya ƙare, tsoron kada ƙarin girman da nake jira ya wuce ni, da kuma nauyin mutanen da suka yi mini karo-karo, waɗanda nake ganin in na ce ban warke ba kamar na yi musu butulci.

A mako na uku ina koyar da 'yan aji uku tarihin dangantakar Katsina da Maraɗi. Babu darasin da na fi sani kamarsa. Na bayyana yadda mayaƙan jihadi suka ci Birnin Katsina a 1807, yadda sarauta ta koma hannun Ummarun Dallaje, yadda gidan sarautar Haɓe ya yi arewa, da yadda daga baya Ingila da Faransa suka ja iyaka a tsakanin dangi ɗaya ta yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, iyakar da mutanen garinmu ke tsallakawa ta Magama har gobe. Sai na ce, "Wanda ya kafa sabuwar sarautar a Maraɗi wajen 1819 shi ne..." Na tsaya. Sunan da na ji a bakin kakata tun kafin in shiga firamare, wanda na rubuta ba adadi a kundin digirina, ya ɓace fat. Ɗalibai fiye da ɗari suna kallona, alli yana hannuna. Ina jin shiru yana tsawo. Na juya ga allo kamar zan rubuta wani abu, gumi yana bin bayana. Can wata ɗaliba daga layin gaba ta ce a hankali, "Ɗankasawa, Malam." Na ce, "Madalla, ina gwada ku ne." Ajin ya yi dariya. Na yi ƙarya, kuma na ga a idonta ta san ƙarya na yi.

Daga ranar na shiga ɓoye-ɓoye. Nakan kwana ina haddace darasin da a da nake bayarwa ba tare da takarda ba. Nakan kulle ofis bayan kowace lacca in kwanta a kan darduma, in ce ina nazari. Nakan bar taron sashe da uzurin ƙarya, domin idan muhawara ta kaure ba na iya bin zaren magana. Da lokacin jarrabawa ya zo, na yi dare uku a jere ina maki, alhali likita ya gargaɗe ni cewa rashin barci yana cikin manyan abubuwan da ke tayar da farfaɗiya. A dare na huɗu hannuna na dama ya kama rawa shi kaɗai, bakina ya yi nauyi na 'yan mintoci. Maiɗakina ta tattara takardun ta kulle a akwati. Ta ce, "Abban yara, jami'a in ka faɗi gobe za ta ɗauki wani. Mu wa za mu ɗauka?" Da na sake duba takardun bayan kwana biyu sai na tarar na yi kuskuren lissafin maki a guda bakwai. 'Ya'yan mutane ne, waɗanda sakamakonsu amana ce a hannuna. Ashe ɓoyon da nake yi don kare mutuncina ya fara cutar da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba.

A wannan lokaci na ga halin mutane iri biyu a wurin aiki. Akwai waɗanda suka ga na miƙe suka manta na taɓa kwanciya, suka ci gaba da loda mini kaya. Akwai kuma masu tausayi, waɗanda suka riƙa yanke hukunci a madadina ba tare da sun tambaye ni ba. Sai in ji an yi taron bita ba a gayyace ni ba, "don kada a wahalar da Dakta." Wani yakan yi mini magana a hankali da ɗaga murya, kamar mai yi wa kurma bayani. Har raɗe-raɗi ya iso kunnena cewa tun da aka taɓa kan, to hankalin ma sai a hankali. Na biyun nan ya fi na farko ciwo. A wurinmu duk abin da ya shafi kai ana haɗa shi da taɓin hankali, farfaɗiya kuma har yau akwai masu gudun mai ita, suna zaton ana ɗauka ta yawu, alhali ba ta yaɗuwa ko kaɗan. Wannan tsangwama ce ke sa majinyaci ya zaɓi ƙarya a kan gaskiya.

Maganar Kawu ce ta dawo mini. Na je wurin shugaban sashenmu, dattijo wanda ya koyar da ni. Na ce, "Ranka ya daɗe, na zo in janye wata magana. Na ce maka na warke. Ban warke ba, tashi na yi." Na zayyana masa abin da nake iyawa da wanda ba na iyawa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Me ya hana ka faɗa tun farko?" Ban da amsa sai sunkuyar da kai. Muka zauna muka tsara: laccocina su koma safiya, lokacin da kaina ya fi sakewa, darasin sa'a biyu a raba shi da hutun minti goma, manyan azuzuwa a haɗa ni da wani matashin malami, a sauke mini kwamitoci na shekara guda, makin jarrabawa kuma a ƙara mini kwanaki. Tuƙi dama na ajiye shi bisa umarnin likita, ƙanena ke kai ni.

Washegari na shiga ajin nan na 'yan aji uku, na cire hulata na ajiye a kan tebur, na juya musu gefen kaina. Na gaya musu abin da aka yi mini, da cewa wani lokaci suna yakan ɓace mini ko da yake ilimin yana nan, kuma ranar da na ce ina gwada su ba gaskiya na faɗa ba. Na ce idan na tsaya, duk wanda ya san kalmar ya faɗa. Ban taɓa jin aji ya yi tsit irin na ranar ba. Abin da na ji tsoro bai faru ba, babu wanda ya raina ni. Hasali ma sun fi karatu kafin lacca, domin kowa yana so ya zama shi ne zai cike gurbin. Bayan an tashi wani ɗalibi ya biyo ni ofis ya ce shi ma yana shan maganin farfaɗiya shekara huɗu, ko abokan ɗakinsa ba su sani ba.

Sai dai duk sauƙin da na samu, kirkin mutum ɗaya ne ya ba ni shi, ba ƙa'ida ba. Da wani ne a kan kujerar, da labarin ya sha bamban. A tsarin aikinmu ma'aikaci ko dai yana hutun jinya ko yana bakin aiki ɗungurungum, babu matsakaici. A Birtaniya tun 2010 aka sauya takardar da likita ke ba majinyaci, ta yadda ban da "ba zai iya aiki ba," likita yana iya rubuta cewa zai iya idan aka dawo da shi sannu a hankali, ko aka rage masa sa'o'i, ko aka sauya masa nau'in aiki, ko aka gyara masa wurin aikin. Wannan ita ce hikimar Kawu a rubuce, kuma ba ta bukatar wani makudan kuɗi. A nan gida muna da dokar hana nuna bambanci ga masu bukata ta musamman ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Doka ce mai kyau, amma idan aka ambace ta hankalinmu yakan tafi ga keken guragu da sandar makaho. Muna manta masu raunin da hula ke rufewa: wanda ya tashi daga shanyewar ɓarin jiki, da mai wankin ƙoda, da wadda ta gama jinyar sankarar mama. Ina kira ga majalisun jami'o'inmu da ƙungiyoyin ma'aikata su rubuta tsarin dawowa aiki mataki-mataki, wanda likita da ma'aikaci da shugabansa za su zauna su amince da shi, a riƙa bitarsa duk bayan 'yan watanni, kuma kada a mayar da shi hujjar danne wa mutum ƙarin girma.

Ban manta cewa ni ɗan gata ne ba. Akwai wani sa'ana a garinmu, direban haya da ke jigila tsakanin Jibiya da Maraɗi, wanda shi ma ya taɓa faɗuwa irin tawa. An ba shi magani an ce ya bar tuƙi. Ya ce da ni, "Malam, kai in ka kwanta kujerarka tana jiranka. Ni in na ajiye mota yau, me za a ɗora a murhu gobe?" Na roƙe shi, domin ransa da na fasinjojinsa, ya koma karɓar lodi a tasha ya ba wani motar, da ƙyar ya yarda. Irinsa su ne mafi yawa a cikinmu: manoma, da 'yan kasuwa, da masu sana'ar hannu, waɗanda ba su da takardar hutu balle tsarin dawowa. Nasu tsarin yana hannun dangi da maƙwabta. Mun iya dubiya a makon farko, ɗaki ya cika har a rasa wurin zama. Amma taimakon ya fi amfani a wata na shida, lokacin da kowa ya watse, bashi ya taso, ƙarfi kuma bai dawo ba. A lokacin ne ya kamata a kama wa mutum noma, a tsare masa shago, a ɗauke masa kuɗin makarantar yaro ɗaya.

Yau na koma ɗaukar cikakken aikina, ko da yake har yanzu ina shiga aji da 'yar takarda mai ɗauke da sunaye da shekaru, kuma ba na jin kunyar duba ta. Duk shekara nakan kwanta a cikin na'urar MRI, domin irin wannan ƙari yana iya sake tsirowa, kuma makon da ke gabanin karɓar sakamako ba na barcin kirki. Ban koma mutumin da nake a da ba. Na fi shi jinkiri, amma na fi shi sauraro, kuma idan ɗalibi ya tsaya yana lalubar kalma a gabana, yanzu nakan jira shi.

Ga wanda ke shirin komawa aiki bayan doguwar jinya, shawarata ita ce ya ci gaba da ce wa masu gaisuwa "da sauƙi," domin gaskiya ce kuma godiya ce. Amma ya zaɓi mutum ɗaya ko biyu da aikinsa ke hannunsu, ya gaya musu sauran bayanin dalla-dalla tun ranar farko. Ga shugabanni da abokan aiki kuwa, bayan "ya jiki?" a ƙara tambaya ɗaya: "Me za ka iya ɗauka yanzu, me kuma za mu riƙe maka tukuna?" Sannan a saurari amsar, kada a amsa a madadinsa.

Da sallar da ta wuce na je Bugaje. Inna ta dube ni ta ce, "Malam, ya jiki?" Na ce, "Da sauƙi, Inna." Ta ce, "Na ji wannan. Maganin fa, kana sha?" Na ce ina sha. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri, Ya kuma dawo mana da zaman lafiya a yankinmu. Amin.